Bakwai Ɗin Mai Siminti

Ni dai tun farko na ce a ɗauki lauya. Ina nanata wannan ne saboda yanzu in an tayar da zancen a gida, sai kowa ya nuna kamar da shi aka faɗa, alhali ni kaɗai na buɗe baki, ni kaɗai kuma aka harara.

Babana mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗaya yana shago ɗaya, wani ɗan tsukukun ɗaki da in mutum uku suka zo sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Tebur ne a ciki, da kujerar da ya tokare ƙafarta ɗaya da kwali, da agogunan bango goma sha huɗu da babu wanda ya isa ya riga ɗan'uwansa bugawa. Sai taga. Tagar nan tana hagunsa, tana kallon lungun da ya raba shagonmu da filin maƙwabci, kuma daga hantsi har yamma ta cikinta haske yake sauka a kan teburin. Baba bai taɓa yarda ya buɗe cikin agogo a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Ya ce ƙwai yana yi wa hantsaki inuwa biyu, mutum ya rasa wacce zai bi.

Ni ce 'yarsa ta fari. Tikiti nake sayarwa a tashar mota, aikin da in ba ki da murya za a taka ki a wuce. Ƙararrawa yake ce min tun ina ƙarama, kuma ba yabo ba ne. Abu biyu yake ƙorafi a kaina har na girma: surutu da makara. Kullum sai ya ce bai san laifin da ya yi ba aka ba mai gyaran agogo 'yar da ba ta taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba.

Maƙwabcin namu shi ne Mai Siminti. Kayan gini yake sayarwa, kuma tun kafin ya sayi filin da ke gefenmu yake kawo wa Baba agogonsa. Wata safiya muka tarar magina sun jera bulo a cikin lungun, taƙi biyu tsakaninsu da tagarmu. Kafin kwana goma katanga ta wuce tagar. Sau uku Baba yana zuwa wurinsa da girma da arziki, sau ukun nan ana ce masa za a duba. Ana dubawa, bulo yana hawa.

A tsakanin nan agogona ya tsaya. Ɗan ƙarami ne na mata, shi ya ba ni ranar da na kama aiki. Na kai masa, ya jefa a aljihun tebur ya ce kayan gyaransa ba su zo ba. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ni kuma ina ta yi masa mita kamar na biya kuɗi. Ran nan na biyo shagon da rana, na tsaya a bakin ƙofa bai ji ni ba. Ƙwan lantarki a kunne, gilashin aiki a maƙale a idonsa, agogona a buɗe a gabansa, shi kuma yana lalubar tebur da tafin hannu yana neman wani ɗan noti. Notin yana nan gabansa, ni daga ƙofa ina ganinsa. Wallahi zuciyata ce ta karye. Na juya a hankali na tafi, ban taɓa gaya masa na gani ba.

Ranar na ce a ɗauki lauya. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Lauya ne zai faɗa min inda tagata take?"

Yana da takardar shagon, da zanen da ya nuna lungun nan hanyar kowa ce. Ya ninke su cikin leda ya tafi kotu da ƙafarsa, ya shigar da ƙara da kansa, da wannan rubutun nasa mai kama da an jera shi da hantsaki. Aka ba shi sammaci, aka ce yana da kwana talatin takardar ta isa hannun wanda yake ƙara, ya kuma dawo wa kotu da shaidar cewa ta isa. Baba ya dawo ya zagaye ranar a kalanda da jan biro. A bayan takardar akwai wani bayani da ƙananan haruffa. Bai karanta ba, don idonsa ba ya kaiwa, kuma Baba ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ce wa ɗansa zo ka karanta min.

A kwana na uku ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya taka har wurin Mai Siminti, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya miƙa masa sammacin da hannu biyu. Da ya dawo na tambaye shi me ya sa bai aika ba.

Ya ce, "Ban saba aika wani ya fuskanci mutum a madadina ba. In zan kai ka ƙara, ni zan dubi idonka in gaya maka."

Mai Siminti kuwa wai har bakin titi ya rako shi yana murmushi. Daga ranar ba a sake ganinsa a wurin ginin ba, maginansa kawai ake gani. Mu muka ɗauka kunya ce ta kama shi. Kunya! Allah ya kyauta.

Ranar Litinin, kwana na ashirin da bakwai, ba ni da aiki, sai na raka Baba kotu ya ji ranar da za a zauna. Ofishin magatakarda wani dogon ɗaki ne mai benci biyu da fayiloli har rufi. Magatakardar wata dattijuwa ce mai tabarau da igiya, irin wadda ba ta ɗaga murya don ba ta buƙata. Ta jawo fayil ɗinmu ta buɗe, ta juya shafi, ta sake juyawa.

"Baba, ina shaidar miƙa sammaci?"

"Ni ne shaidar. Da hannuna na ba shi, ranar shida ga wata, ƙarfe goma da minti ashirin."

Ta cire tabarau ta ajiye. "Kai da kanka?"

"Ni da kaina."

"To ba a ba shi ba ke nan."

Na ji jinina ya hau. Na ce, "Baiwar Allah, kamar yaya ba a ba shi ba? Yana gaya miki ya ba shi, har da minti!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta juya takardar ta sa yatsa a kan ƙananan haruffan nan, ta karanta mana a natse. Mai ƙara ba ya miƙa sammaci da kansa. Sai wani baligi wanda sunansa ba ya cikin ƙarar, ya miƙa hannu da hannu, ya faɗa wa mutumin abin da ya kawo, sannan ya zo kotu ya cika takardar rantsuwa. In kwana talatin suka cika babu wannan takardar a fayil, alƙali zai kori ƙarar.

"Kwanan kalanda ake ƙirgawa, har da Asabar da Lahadi," in ji ta. "Naku zai cika ranar Alhamis. Ƙarfe huɗu nake rufe wannan tagar."

Na tambayi masinjan kotu, ta ce masu jiransa sun kai na sati biyu. Na tambayi ƙarin lokaci, ta ce za a iya roƙon alƙali, amma zai so ya ji abin da aka yi da kwana ashirin da bakwai, kuma ba dole ya yarda ba. In an kori ƙarar fa? Sai a sake daga farko. Mu kuma mun san abin da ita ba ta sani ba: an riga an jibge rodi da tsakuwa a bakin lungun, sati mai zuwa za a zuba kankare a sama a ɗora bene. Katanga ana iya cewa a rushe ta. In bene ya hau, Baba da tagarsa sai dai labari.

Baba ya tsaya riƙe da ledarsa, kunnuwansa sun yi ja. Ban taɓa ganin an gaya masa ya yi kuskure a kan lokaci ba sai ranar.

Na ce, "'Yarsa fa? Ta halatta?"

Sai a lokacin ta dube ni. "Sunanki yana cikin ƙarar, ko a takardar shagon?"

"Babu."

"To kin halatta. Ki kira sunansa, ki ce sammacin kotu ne. In ya ƙi karɓa ki ajiye a jikinsa ko a gabansa, ya isa. Amma shi za ki ba wa. Ban da maigadi, ban da matarsa."

Ta buga mana sabon kwafi ta miƙo min. A hanyar gida ban yi wa Baba gori ba, kuma Allah ya sani a bakina yake.

Ashe lauyan Mai Siminti ya riga ya gaya masa komai tun kwana na huɗu, shi ya sa ya ɓace. Babban ma'ajinsa na siminti yana da katanga da masu gadi, ba a shiga sai da izini. Saura gidansa. Layin gidan miƙaƙƙe ne fetal, babu bishiya, babu rumfa, babu inda ko kyanwa za ta laɓe. Daga kwanar da wani kantin magani yake har get ɗinsa komai a fili yake.

Talata na yi abin da kowane mai hankali zai yi, na yi sammako. Ƙarfe shida ina tsaye a gaban get da ambulan a hannu. Maigadin, wani siririn tsoho mai son hira, ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya gan ni, ya koma ciki. Shi ke nan. Rana ta fito ta same ni, ta hau kaina, ta wuce. Mota tana ciki ina hango hancinta, maigida bai fito ba. Wajen azahar tsohon ya kawo min ruwa a kofi, don ba mugu ba ne, ya ce, "'Yata, kin ɓata masa rana. Mutumin da kullum bakwai daidai yake fita, ko minti ba ya ƙarawa."

Tsayuwar nan ba ta tashi a banza ba. Na lura get ɗin matsattse ne, ginshiƙansa biyu duk fentin mota ya goge a jikinsu. Na tambayi tsohon, ya yi dariya ya ce ai sai maigida ya tsaya ya sauke gilashi ya naɗe madubin gefe da hannu sannan motar take wucewa. Mutumin da ya cinye lungun mutane, ƙofar gidansa ma bai bar mata fili ba.

Sai na gane abin. Ba jira ake yi ba. In ya gan ni ba zai fito ba, dole in iso daidai lokacin da hancin motar yake tsakanin ginshiƙan nan, gilashi a sauke.

Laraba na laɓe a bayan kantin maganin tun shida da rabi. Daga nan ba a ganin get, sai an sha kwana. Ina duba wayata. Na ce bari in ba kaina rata, bakwai saura minti takwas na fito ina sauri. Me zan gani? Get a rufe, tsohon yana sharar bakin ƙofa, sawun taya a kan ƙasar da bai kai ga sharewa ba ya nufi ɗaya ƙarshen layin.

"Ina maigidan?"

"Ya fita. Bakwai daidai, kamar kullum. Shi ya duba agogonsa ya ce min buɗe, bakwai ta yi."

Na tura masa wayar har kusa da hancinsa. "Wannan bakwai ce? Baba tsoho, da furfurarka kake min ƙarya?"

Ya ce shi bai san karatun waya ba, abin da maigida ya ce shi ya faɗa. Idona ya rufe. Na tsaya a tsakiyar layin nan na buɗe muryar tasha, na ce na haƙura, su riƙe katangarsu, su ɗora bene goma in sun ga dama, ba zan sake tako ƙafata wannan layin ba. Har labulen maƙwabta sai da ya motsa. Kuma da gaske nake, a lokacin har zuciyata na haƙura.

Da rana na je shago. Baba yana zaune a ƙarƙashin ƙwan lantarki, hannunsa biyu a kan tebur babu aiki. Ta tagar babu abin da ake gani sai bulo. Na zauna a bakin ƙofa na zazzage masa komai, har da ƙaryar maigadi.

Ya ce, "Maimaita. Wa ya ce bakwai ta yi?"

"Shi Mai Simintin. Wai ya duba agogonsa."

Baba ya ɗauki hantsaki ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Tsohon bai yi miki ƙarya ba," ya ce. "Ki nemi gafararsa in kin gan shi."

"Baba, bakwai saura takwas fa!"

"Bakwai ɗinki. Ba tasa ba." Ya ja numfashi. "Abin da mutum ya kawo kan teburin nan ba na kai shi waje. Shekara arba'in ban taɓa ba. Amma wannan ba asirin ciwo ba ne, kuma shi ya toshe tagar da na yi masa aikin a gabanta."

Sai ya ba ni labari. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Mai Siminti ya makara wani wuri ya yi babbar asara. Ya zo ya ce Baba ya tura masa agogo gaba da minti goma sha biyar, kuma duk sanda ya kawo wanki a bar shi haka. Baba ya ce ya yi masa musu, don a wurinsa agogon da ba daidai ba abin kunya ne, amma mai abu ya nace. Da tafiya ta yi tafiya mutumin ya manta da zancen, ya koma yarda da agogonsa ɗari bisa ɗari. Shi da kansa ba ya taɓa maɓallin, tsoro yake kada ya ɓata.

"To sha biyar ke nan," na ce. "Bakwai saura kwata."

"Ke dai da gaggawa." Ya jawo wani tsohon littafi da yake rubuta aikin da ya yi wa kowane agogo, ya miƙo min. "Karanta min. Yaushe ya kawo shi na ƙarshe?"

Wannan ne karo na farko a rayuwata da Baba ya ce in karanta masa abu. Na yi kamar ban lura ba. Na nemo shafin, wata bakwai ke nan.

"Agogon nan yana gudun sakan ɗaya a rana, na san shi kamar yunwar cikina. Wata bakwai, minti uku da rabi. Ki haɗa da sha biyar."

"Sha takwas da rabi."

Ya kwance agogon hannunsa. Tunda nake ban taɓa ganin hannun nan babu agogo ba, fatar wurin har ta fi sauran haske. Da wannan agogon yake saita duk na shagon. Ya zaro maɓallin, ya ɗan tsaya kamar mai shirin haɗiye magani mai ɗaci, sannan ya murza shi gaba minti goma sha takwas da rabi. Ya ɗaura min a hannu da kansa, ya ƙara huda a madaurin don ya yi min yawa.

"Gobe ki bar wayarki a jaka. Da lokacinsa za ki yi aiki. Daga kwanar kantin zuwa get taku nawa ne?"

"Ina zan sani, Baba? Wa yake ƙirga taku?"

"Ni." Ashe ranar da ya je neman Mai Siminti a gida kan maganar katanga ya ƙirga, don haka yake, ba ya iya tafiya bai ƙirga ba. Taku ɗari da goma, minti ɗaya da kwata a tafiyar mace mai sauri. Ya ce a ba tsohon rabin minti ya zare sakata ya ja ƙyaure biyu, a ba motar wani rabin ta kawo ginshiƙi. "In dogon hannu ya rage kwatan minti ya hau sha biyu, ki sha kwana. Kada ki yi gudu, mai gudu ake kallo. Kuma Ƙararrawa, don Allah, kada ki makara."

Na ce, "In ya ƙi fita fa? Gobe ce ranar ƙarshe, ya sani."

"Ba kin ce kin tara masa unguwa kin rantse ba za ki dawo ba?"

"Na yi."

"To yau dai bakin nan naki ya yi rana."

Alhamis tun shida da kwata na gaskiya ina bayan kantin magani, na yafa mayafin ƙanwata don kada a gane ni daga nesa. Ambulan a cikin hannun riga. Ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Ina jin bugun agogon Baba a jikin fatata, ina jin na ƙirjina yana riga shi. Sau biyu ƙafata ta ce mu tafi, na ce mata ba ke za ki faɗa ba.

Dogon hannu ya matso sha biyu. Na sha kwana.

Layin shiru, get a rufe. Na ce shi ke nan, lissafin Baba ya tashi a banza. Ina tafiya ina ƙirgawa. A taku na ashirin na ji ƙarar sakata. A na hamsin ƙyaure ɗaya ya buɗe, sai na biyun. A na tamanin hancin mota ya leƙo a hankali, ya tsaya cak tsakanin ginshiƙai. Gilashi ya sauka, hannu ya fito zai naɗe madubi, da wani ƙaton agogo mai ruwan zinariya a jikinsa.

Ɗari da goma. Ina tsaye a kansa.

Na kira cikakken sunansa kamar yadda yake a takarda, da muryar da nake kiran motar ƙarshe a tasha. Na ce, "Sammacin kotu ne, ƙarar da Mai Agogo ya shigar a kanka."

Ya fizge hannu zai ɗaga gilashi, amma ina! Gaba babu hanya sai ya naɗe madubi, baya kuma sai ya canja giya. Na saki ambulan ta faɗa kan cinyarsa. Ya ɗaga hannuwa sama kamar wuta na jefa masa.

"Ban karɓa ba! Ban taɓa ba!"

"Ba sai ka taɓa ba, ranka ya daɗe. Tana jikinka."

Ya dube ni, ya dubi agogonsa, sai idonsa ya sauka kan wanda ke hannuna. Ya san shi, duk wanda ya taɓa zama a shagonmu ya san shi. Na juya masa fuskar agogon ya gani da kyau. Nasa bakwai da minti ɗaya, nawa bakwai da minti ɗaya. Ya sake duban nasa, ya sake duban nawa.

Kafin in tafi na durƙusa na ba tsohon maigadi haƙuri kan maganar jiya. Ya ce babu komai, yana ta kallon gefe don kada maigidansa ya ga yana dariya.

Ƙarfe takwas ana buɗe kotu muna bakin ƙofa ni da Baba. Magatakarda ta ba ni takardar rantsuwa: sunana, wanda na ba wa, a ina, yaushe. Da na zo wurin lokaci na duba hannuna zan rubuta bakwai da minti ɗaya, sai Baba ya dafe takardar.

"Wannan lokacinsa ne. Rantsuwa za ki yi. Rubuta na gaskiya."

Na rubuta shida da minti arba'in da biyu. Ya ce da rabi. Magatakarda ta ce babu gurbin rabi a takardar, ya ce to a sani dai akwai shi. Wannan matar da na ɗauka ba ta san dariya ba sai da ta rufe baki da fayil. Ta buga hatimi, ta rubuta kwanan wata, ta ce, "Kwana na talatin. Ƙararku tana nan da ranta." A nan gaban tagarta Baba ya karɓi agogonsa ya mayar da shi daidai kafin ya ɗaura.

Sauran ba ni na yi ba, shi ya yi. Ya roƙi kotu a dakatar da zuba kankare har a gama shari'a, aka dakatar. Zama huɗu aka yi. Baba ya tsaya shi kaɗai da ledarsa a gaban lauya mai baƙar kwat, wannan karon kuwa kowace takarda sai da ya sa na karanta masa gaba da baya, har da ƙananan haruffa, wani lokacin sau biyu. Da alƙali ya tambaye shi tun yaushe hasken ya ɗauke, ya ba shi rana da sa'a. Ina zaune a benci na baya kamar in tashi in gaya wa kowa babana ne. Bayan wata biyar aka ce lungu hanyar kowa ce, a janye katanga.

Ranar da magina suka cire layin bulon da ya kai saitin tagar, ina tasha, ban gani ba. Washegari da hantsi na biyo, kuma a makare, don sai da ya ce tara na zo tara da rabi. Ƙwan lantarki a kashe. Haske ya sauka a kan teburin har ana ganin ƙurar da ta taru a gefensa. Baba yana sunkuye da gilashi a ido, bai ɗago ba sai da ya rufe bayan abin da ke hannunsa ya goge shi da ƙyalle.

Agogona ne. Yana tafiya.

Na ce, "Kayan gyaran sun zo ke nan?"

"Sun zo jiya," ya ce, bai kalli tagar ba, ni ma ban kalla ba.

Ya kamo hannuna yana ɗaura min. "Da na yi niyyar in tura miki shi gaba da kwata, irin na mutumin, ko Allah zai sa ki daina makara."

"To me ya hana?"

"Na ga ranar da abin ya zama dole, ko sakan ba ki ƙara ba." Ya ja madaurin ya soke. "Daidai na saita miki shi. Irin nawa."

Ni da ake ce wa Ƙararrawa, sai kawai na zauna a bakin ƙofa ina share ido da gefen mayafi, shi kuma ya jawo agogo na gaba ya matsar da shi wajen hasken.